Inda Ake Farke Riga

Yayata tela ce, kuma ba don tana yayata ba, duk layinmu babu mai hannunta. Shagonta ɗan ƙarami ne, keke ɗaya, tebur ɗaya, sai madubin da ya tsage a kusurwa tun 'ya'yanta na rarrafe. Kwatsam ciwon kafaɗa ya sauko mata. Tun tana cije baki tana ɗinki, har ya kai almakashi ma ya fi ƙarfinta. An yi hoto a asibiti, aka ce ƙashi lafiya lau, jijiyoyi ne suka ɗaure. Ta sha ƙwayoyi har cikinta ya fara yi mata tawaye.

Babban ɗanta ya ce, "Mama, ki huta haka nan. Ƙarshen wata zan zo da mota in ɗauke keken, a rufe shagon."

 Ni da muka sha nono ɗaya da Yaya na sani, ranar da keken nan ya fita ƙofa, rabin ranta zai bi shi.

To, akwai Auta, ƙaramar 'yarta. Tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, kuma ta ƙaro karatun rage ciwo da tsira siraran allurai a jiki. Ta yi ta lallashi, uwar ta ƙi.

"Ni da na tsufa ina soka wa yadi allura, yau ni za a mayar yadi? Kuma wa zai soke ni? Yarinyar da har yau ba ta iya sa maɓalli ba?"

Na ce, "Yaya, ko ki ba ta kafaɗar, ko ki ba babban ɗanki keken."

Washegari ta riga ni saka mayafi.

Ɗakin aikin Auta tsaf yake, gado mai farin zane, labule a tsakiya, ƙanshin maganin goge fata ko'ina. Ta fito cikin farar rigar aiki da ta yi mata yawa, ta ɓare wata allura siririya kamar gashin kai. Yaya ta ɗaga gira.

"Wannan ko kafa ba ta da ita. Ina za a sa zaren?"

"Ba zare, Mama. Kwanta."

Ta lallatsa wuya da kafaɗa tana tambaya, nan ne? Nan fa? Ta tsira wasu a gefen wuya, ɗaya a bayan hannu kusa da babban yatsa, wasu can ƙasa da gwiwa. Ta ce kada a motsa, ta zaga bayan labule wurin wani marar lafiya.

Tana ba da baya Yaya ta yafito ni.

"Ke, kin ga shirme? Kafaɗa ke ciwo, ta je ta sossoke ƙafa. Inda ya yage ai nan ake ɗinkewa."

Kafin in buɗe baki ta tashi zaune, ta sa hannunta mai lafiya ta zare na ƙafar ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a leɓe yadda take yi in tana gwada wa mutum riga. Ta ɗauki ɗaya tana laluben kafaɗarta, wai za ta gyara wa yarinya aiki.

Labule ya buɗe.

"Mama! Sauke hannunki."

Ban taɓa jin muryar nan a bakin Auta ba. Ba tsawa ba ce, amma ni kaina sai da na gyara zama. Ta miƙa faranti, uwar ta zubo alluran daga baki, ita kuma ta juye su cikin wata roba mai murfi.

"Sababbi fil kika zubar!" in ji Yaya. "Tawa allurar ta girme ki, har yau tana aiki."

"Taki ba ta shiga jikin mutum. Kuma inda kika nufa ɗin nan, in aka yi zurfi, huhu ne a ƙasa."

 Yaya ta ce a hankali, "To me ya kai ki ƙafa?"

Auta ta ja kujera ta zauna. "Mama, in mace ta kawo riga ta ce tana ja mata a ƙasa, gefe ɗaya ya ɗage, ina kike farkewa?"

"A kafaɗa mana. Sai sabon shiga ne zai taɓa ƙasan."

"Wa ya koya mini haka?"

Yaya ta dube ta, ta dube ni. Sai ta koma ta kwanta, ta ja zane ta buɗe gwiwar da kanta.

"Inna," Auta ta ce mini, "riƙe mini hannun telan nan, ban yarda da shi ba."

Ba zan ce muku rana ɗaya ta warke ba, ƙarya ba ta kamace ni da furfura ba. Mun yi ta zuwa. Auta ta haɗa mata da motsa hannu, ta sa ta tana hawa bango da yatsu kamar ƙadangare, Yaya na yi tana mita. Sannu a hankali ta daina neman a ɗaura mata ɗankwali.

Ƙarshen wata babban ɗan ya iso da mota. Tun daga bakin layi ya ji ƙarar keke. Ya leƙa ya tarar da Auta tsaye gaban tsagaggen madubi, hannuwa a buɗe, uwar na zagaya ta da tef, farin yadi shimfiɗe a tebur.

"Mama, keken fa?"

"Kai, matsa daga haske. Ba ka ga ina auna Likita ba? Dubi buhun da take sawa wai rigar aiki."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni kuwa na juya ina goge ido da bakin mayafi, don tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin uwarta ta kira ta da wani abu ba sai Auta.