Tatsuniyar Rana

Malam Maharazu mai ɗinkin hula ne a Ƙofar Wambai, shi ya koya wa kansa boko. Shekarar da masu buga littattafai suka nemi tatsuniyoyi don 'yan elementare, ya aika musu cewa zai rubuta. Ya soma da labarin wata kaza da ta ari takalmin raƙumi.

Ya kai tsakiya ke nan yayarsa Turai ta leƙo zaure, ta tambaye shi yaushe yaran za su riƙa karantawa. Ya ce da hantsi, a aji.

"Tatsuniya da rana?" in ji ta. "To, ka tanadi masu cigiya. 'Ya'yan mutane za su ɓace."

Daga ranar alƙalami ya tsaya. Kowa ya san mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi, amma ba wanda ya taɓa faɗin hukuncin wadda aka rubuta. In yaro ya ɓace, alhakin wa? Na malamin aji ko na wanda ya rubuta? Ya tambayi liman. Liman ya ce camfi ne, ba ya cikin littafi, sai dai shi kam ba zai gwada ba.

Maharazu ya ga bai dace ya ɗora wa yara abin da bai ɗanɗana ba. Da rana tsaka ya zauna ya ba ragonsa labarin kazar, har inda ya tsaya. Sa'an nan ya fita sayen zare.

Lungun da aka haife shi a ciki ya ƙi kai shi kasuwa. Ya bi dama ya ga rijiya, ya bi hagu ya ga rijiyar. Can ya faɗa wani fili da bai taɓa gani ba, mutane na zaune kowa da sandarsa. Wata tsohuwa mai suna Hajo ta matsa masa a tabarma. Ta ce tun kafin Turawa su shigo gari take neman gidansu, an ma aike ta ɗebo wuta ne.

Ya tambaye ta ko duk rana ce ta cinye su. Ta ce ita ba ta ga laifin rana ba. Da rana dai ba a barin mutum ya gama magana, sai an kira shi aiki. Duk wanda ke filin nan a tsakiyar tatsuniya aka katse shi, kuma ya manta ƙarshen.

"Kai wa ya katse ka, ɗan nan?"

"Ba kowa, Iya. Ni ne ban san ƙarshen ba." Ya ba ta labarin kazar har inda ya tsaya.

"Au, ashe kai ka kawo kanka. To me kazar ta yi da takalmin?"

Mutanen suka kewaye shi. Kunya ta kama shi, ya ce kazar ta ga ba ta iya tafiya da shi, sai ta yi ƙwai a ciki. Raƙumi ya zo karɓa, ya tarar da 'yan tsaki, ya ji nauyin korarsu, ya tafi ba takalmi har yau. Yana rufe baki sai ga shi a ƙofar gidansa, ba zare.

Ya gama littafin kafin damina. Kowace tatsuniya ya matse ta a shafi guda, don kada a kaɗa ƙararrawa yaro yana tsakiyar karantawa. Masu bugawa suka roƙi ya tsawaita, ya ƙi.

Abu ɗaya ya hana shi sakewa. Shi ya fita, ya bar Hajo a tabarma. Ya yi ta ƙaga ƙarshen labarai iri-iri, na kura, na sarki, na maraya, ko wani zai dace da nata. Da ya tara da yawa, ya jira rana ta take, ya fara wata tatsuniya da ƙarfi, ya yanke ta a tsakiya. Ya ce wa Turai kada a ajiye masa tuwo, ya sa takalmi.