Kwalbar Man da Ta Rage

Ranar da labarin ya iso mata, tana durƙushe tana wanke rigar aikin mijinta. Dogo ne ya zo, direban motar ƙanƙara, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Tun kafin ya buɗe baki ta ji warin a jikinsa, warin amoniya mai sukar hanci, iskar da ake sanyaya ɗakunan ajiya da ita. Shekara goma sha tara tana wanke wannan wari daga kayan mijinta, ba ta taɓa jin sa da ƙarfi haka ba.

"Matar yaya," ya ce, "sai haƙuri."

Mijinta makanikin injin sanyi ne a masana'antar ƙanƙara. Mai Cokali ake kiran sa a wurin aiki, kuma ita ta san dalili. Duk ƙarshen mako yakan tsiyayo ɗan mai daga kwamfaresa, babban injin da ke matsa iskar, ya zuba a kwalba ya kawo gida. Sai ya ɗora tsohon cokalinta a wuta, in ya yi zafi ya ɗiga man a kai.

"Kasa kunne, Gimbiya. In ya yi shiru, lafiya lau. In kika ji tas-tas, ruwa ya shiga."

"Wasu mazan turare suke kawo wa matansu," takan ce, "kai kuwa baƙin mai."

"Turare ba ya gaya miki gaskiya."

"To gaskiyar ta cinye mini cokula uku."

A watanninsa na ƙarshe cokalin bai ƙara yin shiru ba. Man da a da yake garau kamar zuma ya koma kamar shayi da madara, daga baya wani jan gari ya fara kwanciya a gindin kwalba. Ya murza shi tsakanin yatsu ya nuna mata.

"Tsatsa ce. Robar bakin injin ta saki, tana zuƙo iska mai danshi. Ruwa kuwa in ya shiga ba ya fita da kansa, ta ciki yake cin ƙarfe."

Sau uku ya gaya wa manaja, da baki, don shi ba mutumin rubutu ba ne. Manaja ya ce, "Inji na juyawa? Ƙanƙara na daskarewa? To me kake nema, likita?" Sai ya riƙa jera kwalaben a tagar kicin, guda goma, daga mai haske zuwa mai duhu. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, jerin shi ne lissafinsa. Ya ce ranar da babban injiniya ya zo duba injuna, zai jera masa su ya gani da idonsa.

Injiniyan bai zo ba sai bayan rasuwarsa. Dogo ya ce da safiyar ranar mijin nata ya je tsiyayar da mai, ya buɗe famfon kaɗan, ba abin da ya fito, don dattin tsatsa ya toshe shi. Ya ƙara buɗewa. Toshiyar ta fashe, amoniya ta biyo bayanta, a fuskarsa.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga masana'anta. Dogo ya karanta mata yana tauna kalmomin. An rubuta cewa mamacin ya yi sakaci, kuma bai taɓa kai rahoton wata matsala ba.

Sakaci. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa bari a kwance ba.

Ta tashi ta nufi kicin, wanda rabonta da shi tun ranar, don 'yan'uwa ne suka karɓi girki. Tagar fes take.

"Yaya," ta kira yayar mijin, "ina kwalaben nan?"

"Wannan ƙazantar? Haba ƙanwata, baƙi na shiga suna fita. Na zubar, na wanke su tas. Ga sukari a ciki, ga gishiri. Kyawawan kwalabe ma."

Ta dube ta. Matar nan ma ƙaninta ta rasa, idanunta a kumbure suke. A bayan labule ta tsinci guda ɗaya da ta tsira, ta ƙarshe, mafi duhu.

Ta naɗe ta da cokalin a zani ta tafi ofishin injiniya. Mutumin kirki ne, ya ba ta kujera. Ya ɗaga kwalbar ga haske ya daɗe yana kallo. Da ta miƙa masa cokalin bai yi dariya ba. Ya kunna ashana uku a ƙarƙashinsa, ya ɗiga man.

Tas-tas-tas.

"Ruwa ne," ya ce. "Wannan kuma tsatsa. Mijinki ya san aikinsa."

"To ka rubuta, ranka ya daɗe."

Ya juya kwalbar a hannunsa. "Baiwar Allah, babu kwanan wata, babu lambar inji. Dubi murfin ma, a sake yake. A kicin kika ce tana zaune? Za su ce tururin girkinki ne ya shiga. Man injin kuwa tuni aka canza shi."

"Guda goma ne, a jere. Kowa ya gani zai gane."

"Madalla! Ina sauran?"

Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Sukari ne a ciki," ta ce.

Takardar tana nan yadda aka rubuta ta. Dogo yakan ce duk wanda ya yi aiki da Mai Cokali ya san gaskiya, amma shi ma a hankali yake faɗa, yana waige-waige, yana da bakuna shida da yake ciyarwa a gida.

Kwalbar ta koma ɗaki, nesa da tururi. Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan shayi, takan ɗauke ta ta goge ƙurar, ta dubi jan garin da ya kwanta a gindi. Sai ta kama murfin ta murɗa. Ya riga ya ɗaure, ba ya ko motsi. Duk da haka sai ta murɗa.