Macijin Gindin Ɓaure

Tun ranar da mahayan Kamboja, mutanen kan duwatsu, suka ƙone ayarin gishiri na garin nan, ban ƙara yin barci da ido biyu rufe ba. Mutanen garin suka yi rantsuwa, duk ɗan Kamboja da aka kama a tsire shi a ƙofar gari. Ni kuwa ɗan Kamboja ne gaba da baya. Sunana Bagadata, amma a nan Sudatta mai gyaran kofato aka san ni. Na bar gashina ya yi tsawo irin nasu, na laƙanci harshensu, har na auri 'yarsu Sumana, wadda ita kaɗai ta san asirina.

Matsalata Inna ce. Da sanyi ya kashe mahaifina a kan duwatsu sai na sauko da ita, na ce wa maƙwabta wata bebiya ce da na tsinta a hanya. Bebiya! Matar da ko tana barci mita take yi. A ɗaki kullum sai ta tuna mini daga inda rana ke faɗuwa kakanninmu suka zo da dawakinsu da wutarsu, ba don jikansu ya zauna cikin masu ba maciji nono ba. A wurinmu maciji da kwaɗo halittun duhu ne, kashe su lada. A wurinsu kuwa macijin gindin ɓauren gidanmu shi ke riƙe da ruwan sama.

Da safiyar bikinsa na ji Sumana ta yi wata irin ƙara a tsakar gida. Na fito na tarar da macijin miƙe a kan dutse, kai a dagargaje. Daga bakin hanya kuma ga kiɗan mata, suna tafe da ƙoren nono.

"Ka ga aikin tsohuwarka?" Sumana ta ce. "Na ce ka ɗauke sandan nan, ka ce ai na dogarawa ne!"

"Mu jefa shi bayan katanga."

"Kai dai doki ya fi ka hankali. Jinin fa? Ramin fa?"

Ba mu gama ba suka shigo, Nagila uwar Sumana a gaba, Dattijo Wasuka mai kula da bikin a bayanta. Kiɗa ya tsaya. Wata ta saki ƙwaryarta, nono ya malale har ƙafata.

Sumana ta durƙusa. "Ni ce, Baba. Ya nufi shimfiɗar jaririna, na ɗauki taɓarya ban san lokacin da na yi ba."

Nagila ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe mu, 'yar nan! Ni na haife ki kuwa?"

Na san abin da matata ta ɗaukar wa kanta: ba mai ƙara cin abincin hannunta, ba mai barinta ta taɓa rijiya. Duk da haka hankalina ya ɗan kwanta, don ba a tsire mutum a kan wannan.

Wasuka ya zagaya dutsen a hankali, ya tsaya, ya sa yatsan ƙafa ya ɗaga wani ganye. Kwaɗi ne a ƙasa, matattu, an jera su reras yadda ake yi a garinmu.

"Maciji don jariri," ya ce. "Waɗannan fa, 'yata, su ma shimfiɗar suka nufa?"

Ba wanda ya motsa.

Sai ga Inna ta fito daga ɗaki tana dogara sandanta, fuskarta fes, rabon da in ga ta yi fara'a haka tun muna kan duwatsu. Ba ta dubi kowa ba sai ni. Ta ɗaga murya da harshenmu, harshen da garin nan ya ji ranar da ayarinsu ke ci da wuta.

"Bagadata, ɗana, na yi wa ubanka sadaka. Yau zai ga haske. Ka ji ni?"

Ba su san abin da ta ce ba. Gaba ɗaya suka juyo gare ni, suna jira su ga ko na gane. Sumana na girgiza mini kai a hankali, hawaye na zuba. In na yi shiru, tsohuwa ce kawai da na tsinta a hanya, ita kaɗai za a ja zuwa ƙofar gari.

Inna ta sake tambaya, muryarta ta fara rawa. "Ɗana, ka ji ni?"

Na ce mata da harshenmu, "Na ji, Inna."