Tumatirin Baba Maharazu

"Ka gaya wa kansila ban mutu ba tukuna," in ji Baba Maharazu. Ya tumɓuke wani tushen tumatir ya jefa cikin wutar da ya hura a gefen lambu. Hayaƙi ya turnuƙe shi, ya yi ta tari har sai da ya dafa gwiwa.

Mutumin da kansila ya aiko ya gyara hula. "Baba, lambun nan ai ya ƙare. A cike wurin a yi shaguna, a ba ka guda biyu ka huta."

"Da yatsan nan na dangwala masa ƙuri'a. Ban dangwala masa lambuna ba."

Ni maƙwabcinsa ne a Ƙofar Na'isa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ɗinki nake yi. Ranar na bar keke na biyo shi ne saboda 'yarsa Nana Hauwa ta roƙe ni in dawo da shi gida, don likita ya hana shi shiga sanyi.

Daminar da soja suka miƙa mulki ce. A watan Agusta aka yi kwana tara ana yayyafi babu rana, sai cuta ta faɗa wa tumatirinsa. Ganye ya yi baƙi kamar an babbake shi, ƙarƙashinsa fari-fari kamar auduga, 'ya'yan kuma suna ruɓewa a jikin uwa. Cikin mako guda lambun bakin kududdufi da ya gada daga mahaifinsa ya koma wari. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce magani ya makara, sai dai a ƙone kada cutar ta tsallaka zuwa lambunan mutane.

"Baba, bari in tayar da masu ƙarfi su yi maka," na ce.

"Ashafa, ni na shuka, ni zan ƙone. Su ba za su duba ba, tumɓukewa kawai za su yi."

Ashe dubawar ce ta hana shi zama. Kowane tushe sai ya durƙusa ya juya ganyensa kafin ya cire. Kwana uku yana wannan aiki. A rana ta uku, can ƙarshen kunya ta wajen ganuwa, ya ƙwala mini kira. Tushe huɗu ne a tsaye, kore shar, ga 'ya'ya sun fara ja.

"Ka gan su? Ta bi ta kansu ta wuce. Waɗannan su ne iri."

Ya tsinko su a hularsa, amma da ƙyar ya miƙe. A kafaɗata ya iso gida, ya kwanta a soro, daga nan bai ƙara fita ba.

Ranar Laraba na shiga duba shi, na tarar Nana Hauwa tana ba shi kunu yana kawar da kai.

"Baba, ka kashe kanka saboda tumatir," ta ce, tana hawaye.

"Kwana ne idan ya ƙare. Ke dai ki matse waɗanda na tsinko, ki wanke irin, ki shanya a inuwa. Ashafa shaida ne, lambu naki ne. Wanda ya zo da zancen shago, ki ce masa akwai shuka a ciki."

Ya cika bayan la'asar, muna zaune.

Ranar sadakar uku kansila da kansa ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya matso ya yi mini raɗa a kan maganar fili. Na leƙa cikin gida na isar da saƙo. Nana Hauwa ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka ce masa akwai shuka a ciki."

Tana zaune a bakin rumfa cikin mata masu zaman makoki, faifai a gabanta, irin ya fara bushewa. Wata kaza ta matso, ta sa gefen mayafinta ta kore ta.