Tauraruwar Mumuni

Rana ta faɗi ke nan a bayan gonakin Tajaye, janta bai gama dushewa ba, Tsahara ta hau tudun da ke yamma da gari. Ta zauna a kan dutse, ta kwance ƙullin zanenta, ta fiddo madubin hangen nesa mai ido biyu wanda fatarsa ta soma ɓarewa. Ta kafa hannuwa a kan gwiwoyinta don kada ya yi rawa, ta nemo taurarin Kaza da 'Ya'yanta, sannan ta sauko ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu. Kwana tara ke nan tana wannan nema. Yau kuwa, a tsakanin wasu ƙananan taurari biyu, ta hango wani ɗan fari-fari, kamar an taɓa baƙin zane da yatsa mai gari.

"Kin zo," ta ce a hankali. "Shi ko bai jira ki ba."

Mijinta Mumuni ne ya koya mata. Bayan samun mulkin kai ya yi shekaru yana riƙe wa masu awon hanya sanda tsakanin Konni da Malbaza. Akwai wani tsohon Anasara a cikinsu da ba ya iya cin abinci sai ya kalli sama. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Mumuni madubin da wata taswirar taurari, ya kuma ba shi labarin wata tauraruwa mai wutsiya, raunanniya, wadda ke kewaya rana ta dawo duk bayan shekara uku da 'yan watanni. Idan ta zo, Mumuni kan yaga takardar buhun siminti ya ɗiga inda ta tsaya, gobe ya sake ɗigawa, har ɗigon ya zama hanya. Idan ta ɓace ya kai kwafin takardun gidan waya a Konni, a aika wa tsohon.

Tsahara ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma idonta ya fi nasa kaifi. Sai ya sa ta riƙa auna hasken da na taurarin da ke kusa. In ta ce kamar ƙwayar gero, ya yi ƙaramin ɗigo. In ta ce dawa, ya ƙara. Sau ɗaya tak, a wani lokacin sanyi, ta taɓa cewa wake, ranar kuwa Mumuni ya yi ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Su ɗin Allah bai ba su haihuwa ba.

A wancan zamanin rumbuna cike suke. In an gan su suna hawa tudu da soyayyar gyaɗa a ƙoƙo, sai a ce, "Mumuni da matatai sun tahi kiwon taurari," a yi dariya a wuce. Har Gimbiya, matar ƙanensa Labbo, ta taɓa bin su. Ta leƙa farin wata, ta ga ramukan da ke jikinsa, ta yi ihu ta faɗa jikin Tsahara, suka yi ta ƙyaƙyatawa har hawaye.

Tari ne ya ɗauke Mumuni, damina biyu da suka wuce. Yana kwance ya kama hannunta ya ce, "Bazarar baɗin baɗaɗa za ta komo, ƙasan Kaza. Ki ɗiga mini ita. Kar ta zo ta iske ba kowa."

* * *

Amma bazarar da ta zo ba irin waɗancan ba ce. Damina biyu ba a ga ruwan kirki ba. Maza sun watse Ikko da Abijan, bisashe sun mutu a bakin rijiyoyi, sannan ƙyanda ta shigo gari ta soma ɗaukar yara. Aka fara lura da matar da ba ta da miji, ba ta da ɗa, take fita bayan magariba da idon ƙarfe a ƙullin zane. Mata suka soma janye 'ya'yansu idan ta wuce. Ita ba ta ankara ba, hankalinta yana kan ɗigonta. Gero, gero, gero, sai dawa.

Ranar da ciwon ya kama Asabe, 'yar Gimbiya mai shekara biyar wadda tun yaye a ɗakin Tsahara take kwana, sai wani mai magani ya ce maita ce, hannun kuma na cikin gida.

Da magariba Labbo ya iske ta a kan tudu.

"Mi kika nema nan kullum?"

"Aikin yayanka nika cikawa, Labbo. Kai ma ka sani."

"Yaya ya mutu. Wa kika kira?"

"Ba ni kiran kowa. Zo ka gani da idonka."

Ta miƙa masa madubin, ta nuna masa wurin. Ya ɗora a fuska bai kafa hannu ba, taurarin suna ta tsalle. Ya daɗe yana lalube.

"Babu komi nan," ya ce. "Abin da ke kaɗai kika gani, mu ba mu gani nai, mi ne sunanshi?"

Ya sauka da madubin a hannunsa.

* * *

Da hantsi aka tara mutane a tsakar gidan. An shimfiɗe Asabe a tabarma, leɓɓanta sun tsage, idanunta a kumbure. Mai maganin ya ce in dai Tsahara ba ta riƙe kurwar yarinyar ba, to ta tuɓe mayafi ta tsallake ta sau uku, ta kuskure baki ta ba ta ruwan. Tsahara ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita. Akwai waɗanda ta yi wa wankan jego, akwai waɗanda Mumuni ya rubuta wa wasiƙu. Kowa ya sunkuyar da kai ko ya kau da ido.

"In na tsallake ta, na amsa ke nan ni mayya ce," ta ce.

Gimbiya ta rarrafo ta kama ƙafafunta. "Yaya, don girman Allah. Ko ba ke ba ce, ki yi. Ɗiyarki ce."

Asabe ta ɗan buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."

Tsahara ta ajiye mayafinta. Ta tsallake sau uku a gaban maza da mata, ta kuskure baki a ƙoƙo, ta ɗago kan yarinyar ta ba ta. Wata murya daga baya ta ce, "Kun gani? Ta yarda."

Asabe ta cika kafin la'asar. Kafin a dawo daga maƙabarta, samari sun fito da takardun daga ɗakin Tsahara, na Mumuni da nata, suka cinna musu wuta. Labbo ya ɗora madubin a kan dutsen niƙa ya sa taɓarya. Bai dube ta ba ya ce maigari ya ba ta zuwa safe ta bar gari.

Ba ta hau tudu ba ranar. Ta zauna a ɗaki tana tunanin cewa a can sama abar ta matsa kaɗan, wataƙila ma ta kai wake, ba kuwa wanda zai ɗiga.

* * *

Gari na wayewa ta ɗaura 'yan tsummokaranta, ta kama hanyar da za ta fitar da ita babban titi, inda motocin siminti ke wucewa. Tana da wata ƙanwar uwa a Tsarnawa, in tana da rai. Ba wanda ya fito yi mata rakiya.

Ta kusa fita gari ta ji wani ƙas-ƙas yana biye da ita. Ta waiwaya. Gimbiya ce a duƙe, nesa kaɗan, fuskarta a kumbure da kuka, da tsintsiya a hannu, tana share sawun Tsahara daga yashi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa mayya don kada ta dawo. Suka haɗa ido. Gimbiya ta tsaya cik.

Tsahara ta gyara kayanta, ta koma gefen hanya inda ƙasa ke da tauri, don kada aikin ya yi wa Gimbiya yawa, ta ci gaba da tafiya.