Koren Ruwa a Gorar Lemo

"Giya ya sha," in ji Edith, tana tsaye a ƙofar ɗaki da ludayi a hannu. "Shekara sha ɗaya da bari, yau ya koma."

Mijinta Uzodinma, telan gidan hayar nan ta Chikaji, yana kan benci yana layi, harshe ya yi nauyi. "Allah ya sani ban taɓa ba," ya ce. Maƙwabcinsu Martin ne ya kama shi zuwa gado. Bai ji warin giya ba, amma ya ja bakinsa.

Martin na da babban babur mai lagireto, kuma ba ya wasa da shi. Ba ya buɗe murfin sai inji ya huce sarai. Washegari da safe ya duba, ya ga ruwan sanyaya injin ya yi ƙasa, ya miƙa hannu kan tagar zaure. Makon jiya jarkar ruwan ta tsage, ya juye ragowar a gorar lemo ya ajiye a nan. Yanzu koren ruwan da ke gorar saura kaɗan.

Ya faɗa ɗakin Uzodinma ko sallama babu.

"Oga Uzo, kun sha abin da ke kan taga?"

"Lemonka? Yi haƙuri, ƙishi na kwaso daga kasuwar Sabon Gari. Zaƙinsa ma ya yi yawa."

A babur ɗin ya ɗauke shi, Edith na riƙe da shi ta baya, suka yi asibiti ta hanyar Samaru. Likita ya juya gorar a hannu, ya tambayi awa nawa. Ya ce guba ce, ta riga ta taɓa ƙoda. Da jiya aka zo, da sauƙi. Kwana huɗu Uzodinma ya yi. Ranar Alhamis da azahar ya cika.

Bayan an yi jana'iza, Martin ya durƙusa a ƙofar Edith.

"Madam, ni na ajiye gorar. Ban rubuta komai a jikinta ba."



"Ranar na hana shi tuwo," ta ce. "Sau biyu ya kira ni, ban amsa ba."

Ta shige ciki, ta bar labule a ɗage. Daga inda yake, Martin na hango keken ɗinki, da rigar mawaƙan coci a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an ɗinke, ɗayan da zanen alli.