Wasiƙar Shaidar Auren Fatiha

Ranar da labari ya iso Gwandu cewa Muzzammil ya samu takardar zama na dindindin a Kanada, Malam Abduljalil yana gidan surukarsa, Hajiya Kulu. Shinkafa ya kai mata daga fadamarsa ta Dangoma. Bai gama gaisuwa ba sai ga Fatiha, ƙanwar matarsa kuma matar Muzzammil, ta fito daga ɗaki a guje, ɗankwali a kafaɗa.

"Inna, an ba shi! Wallahi an ba shi!"

Maƙwabta suka cika gidan, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Hajiya Kulu tana share hawaye tana faɗa wa duk wanda ya shigo cewa surukinta ya zama ɗan gida a ƙasar Turawa, babu mai korarsa. Abduljalil ya yi murmushi, ya ce masha Allahu sau uku. Buhun shinkafar kuwa a zaure ya bar shi, ba wanda ya ce masa an gode.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi ya koya wa yaron Turancin da ya fita da shi. Shekara goma sha bakwai Abduljalil yana koyar da Turanci a wata sakandare a Kalgo. Lokacin da Muzzammil ya gama karatun kwamfuta yana shirin jarrabawar Turanci ta masu son fita waje, wata huɗu yana zuwa ƙofar gidansa bayan la'asar, suna zaune ƙarƙashin dogonyaro, yana gyara masa harshe kalma bayan kalma. Shi kansa Abduljalil sau biyu ya zauna jarrabawar nan, sau biyun kuma ya fi Muzzammil maki. Sai dai Kanada har shekarun mutum take dubawa, shi kuma ya ba arba'in baya. Birtaniya ta ce sai ya samu wanda zai ɗauke shi aiki a can, ya aika takardu har ya gaji. Ostareliya kuwa ya lissafa ya ga kafin a gama tantance shi shekarunsa sun haura iyaka.

Da ya dawo gida ya tarar da matarsa Zulaiha tana tankaɗe a tsakar gida. Ya ce mata, "Kin dai san Namadi ɗan baffana. Shekara ashirin da biyu a Jidda, har yau sabunta iƙama, takardar zamansa, yake yi. Zaman ƙasar wani ba abin a yi guɗa ba ne."

"To ai shi wanga na dindindin aka ba shi," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

Bayan kwana uku Muzzammil ya kira shi ta bidiyo. Fuskarsa ta cika waya, ya yi ƙiba, ya sa wata babbar riga mai hula.

"Yaya Malam, wata alfarma nake nema. Zan nema wa Fatiha takardarta ta biyo ni. Hukumar Kanada na son hujja cewa aurenmu na gaskiya ne: hotuna, takardar aure, da wasiƙa daga wanda ya san mu. Kai ka haɗa mu, kana wurin ɗaurin aure, kuma duk danginmu babu mai alƙalami irin naka. Ƙarshen wata nake son in haɗa komai in aika."

"Wannan ai ba wani abu ba ne," Abduljalil ya ce. "Gobe-gobe."

Gobe ta zo ya ce yana duba takardun jarrabawar ɗalibai. Mako ya zagayo ya ce babu wuta. Da aka kawo wuta ya ce injin buga takarda na shagon bakin tasha ya lalace. Sau biyu ya zauna da niyyar rubutawa, da zarar ya rubuta sunan Muzzammil sai ya ga yaron nan mai tsohon takalmi da ba ya iya furta kalma uku a jere, sai ya ajiye biro.

A ɗakin malamai kuwa ya zama gwanin labarin Kanada. Sanyin can yana tsinke yatsu. Mai digiri biyu wankin kwanoni yake yi. Mutum ya mutu a ɗaki sai wari ya fallasa shi. Wata rana malamin lissafi ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Amma Malam, ba nan wurin ba ne ka cike wa fom har sau biyu?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Saura kwana shida wata ya ƙare, ranar Asabar da hantsi, ɗan kabu-kabu ya sauke Fatiha daga babur a ƙofar gidansu. Ta durƙusa ta gaishe shi, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ko wani laifi muka yi maka? In akwai, ka faɗa mini in ba ka haƙuri. Shekara biyu rabona da mijina."

"Wane irin laifi kuma? Aiki ne ya yi mini yawa."

Zulaiha ta ce wa ƙanwarta ta shiga ciki ta huta. Ta jira har aka saki labule, sannan ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Malam, mi ya hana ka rubuta wasiƙar ga?"

"Na ce aiki."

"Ba aiki ba ne. Ƙyashi ne." Ya ɗago zai yi magana, ta riga shi. "Na gane shi don ni ma shi ke cina. Yarinyar ga ni na goya ta, ni na yi mata kitson shiga firamare. Yanzu in na je Gwandu, Inna ba ta da zance sai na Fatiha da jirgi. Rannan har cewa ta yi in riƙa koyi da haƙurin ƙanwata. Ni! Ka san da suka nemi hotunan biki, ɗaki na shiga na yi kuka mai isata?"

"Kika hana su?"

"Na tura musu ranar. Ina kukan na tura."

Kunya ta kama Abduljalil, amma tare da ita ya ji wani sauƙi, don ashe ba shi kaɗai ke ɗauke da abin ba a gidan.

"Na fi shi maki, Zulaiha," ya ce a hankali. "Sau biyu."

"Na sani. Kowa ya sani. Tashi ka rubuta."

Kafin azahar ya gama. Ya rubuta yadda Muzzammil ya fara ganin Fatiha ranar da ta kawo wa yayarta fura, yadda ya kasa karanta ko layi ɗaya bayan ta wuce, da wanda ya ɗaura auren, da waɗanda suka shaida. Ya zuba duk gwanintarsa a ciki. Ko a lokacin ya san ba don Allah kaɗai ya ƙawata ta ba: so yake baturen da zai karanta ya tsaya ya tambayi kansa wane ne wannan mutumin na Kalgo.

Wata goma sha ɗaya bayan haka takardar Fatiha ta fito. Abduljalil da kansa ya kai ta filin jirgi na Birnin Kebbi, ya ɗaukar mata jaka har bakin ƙofa.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan je Gwandu, saboda Hajiya Kulu ba ta iya kiran bidiyo ba. Shi yake riƙe mata waya tana hira da 'yarta. Yayin da suke zancen wanda ya haihu da wanda ya rasu, shi idonsa yana kan tagar da ke bayan Fatiha, inda ake hango titi fes da motoci a jere cikin ƙanƙara. In Muzzammil ya leƙo ya ce, "Yaya Malam, ina wuni," yakan amsa da fara'a, ya tambaye shi ya sanyi. In an ce masa sanyi ya yi tsanani a makon, yakan ji ɗan daɗi, sai ya yi istigfari a zuci ya gyara riƙon wayar.